Yadda Ake Rinin Shuɗi da Shuni, Daga Haɗa Ruwa Zuwa Kwance Ɗauri

Wanda ya saba da irin kalar da ake dafawa a tukunya, a jefa yadi a bar shi ya yi ta sha, yakan shigo rinin shuni da wannan tunanin, kuma daga nan aikinsa ke fara lalacewa. Shuni ba ya narkewa a ruwa. Ko ka yini kana dafa shi, gari ne shuɗi ke yawo, wanda ya hau yadi kuwa wankin farko zai sauke shi. Kafin ya kama zare sai an kori iskar da ke cikin ruwan, an kuma sa ruwan ya yi kaifi irin na toka ko soda. A lokacin ne yake narkewa, launinsa ya juye daga shuɗi zuwa kore mai ɗorawa-ɗorawa, ya ratsa cikin zaren. Ana ciro yadin iska ta buge shi, sai ya koma shuɗi, ya sake zama abin da ruwa ba ya iya narkarwa, amma yanzu a maƙale yake cikin audugar. Duk abin da zan faɗa a ƙasa a kan wannan ya hau: ka hana iska shiga ruwan rini, ka bar ta ta wadaci yadin bayan ka ciro shi.

'Yan Adam sun daɗe da gano haka. A wani wuri mai suna Huaca Prieta a ƙasar Peru an haƙo guntayen saƙar auduga da aka rina da shuni kimanin shekara 6,000 da suka wuce. Kowane yanki da ganyen da yake tatsar sa: baba a Indiya da Afirka, talaki a yammacin Afirka, wasu tsirrai daban a Turai da Japan, amma sinadarin da ke ba da shuɗin guda ɗaya ne. Bajamushen nan Adolf von Baeyer ya haɗa shi a ɗakin bincike a 1878, kamfanin BASF kuma ya fara sayar da na masana'anta a 1897. Shi ne ke kan wandon jins a yau. Don haka kada ka damu da wanda ka samu, na ganye ko na kamfani, hanyar aikin ɗaya ce. Ga mai koyo ma na kamfanin ya fi sauƙi, domin ƙarfinsa ba ya hawa da sauka daga wannan ƙullin zuwa wancan.

Kayan da za ka tanada

Garin shuni giram 20, sodar wanki giram 100, haidiro giram 50, da ruwa lita 15. Wannan zai rina maka rigunan auduga da dama kafin ya yi sanyi. Sodar wanki ita ce sodiyam kabonet, ba bekin soda ba ce, ba kuma kostik ba. In ba ka samu ba, shimfiɗa bekin soda a faranti ka gasa ta a oben mai zafin digiri 200 a ma'aunin Salsiyas na awa ɗaya, za ta koma sodar wanki. Haidiro kuwa shi ne sodiyam haidirosalfait, farin gari mai warin ƙibiritu, shi ke cinye iskar da ke cikin ruwa.

Mazubin ya zama na roba ko ƙarfen da ba ya tsatsa, mai murfi, dogo mai ƙaramin baki. Baho mai faɗi ba ya yi, domin duk faɗin fuskar ruwan ƙofa ce ta iska. Kada ka kusanci tukunyar alminiyam, soda na cin ta. Sai doguwar sanda ta juyawa, kwalba mai murfi, 'yan duwatsu masu santsi, sikeli, bokiti biyu na ruwan ɗauraya, igiyar shanya, safar hannu mai kaiwa gwiwar hannu, da takunkumi. Duk abin da ya shiga rini ya bar ɗakin girki ke nan har abada.

Haidiro na buƙatar kulawa ta musamman. A ajiye shi a busasshen wuri, a rufe ruf, nesa da yara. Danshi kaɗan in ya shige shi yakan ɗau zafi da kansa har ya iya kama wuta, kuma ƙarfinsa na gudu in ya sha iska. Shi ake zubawa a cikin ruwa, ba a zuba masa ruwa. A yi aikin a fili ko inda iska ke kaɗawa sosai.

Zaɓen yadi da wanke shi

Shuni na kama auduga, lilin, siliki da ulu. Ba ya kama foliyesta. In kana shakkar yadin da ke hannunka, zare ɗan zare daga gefensa ka kusantar da shi ga ashana. Auduga za ta ci da wuta, ta yi warin ƙonanniyar takarda, ta bar toka mai laushi. Foliyesta zai naɗe ya narke ya zama ɗan dunƙule mai tauri. Yadin da aka gauraya su biyu zai rinu, amma shuɗin zai fito a dusashe.

Sabon yadi, komai farinsa, yana ɗauke da sitati da maiƙo da kakin da ke jikin audugar tun daga gona. Nan ne mutane da yawa ke yin gaggawa, kuma yawancin dabbare-dabbaren da ake ɗora wa ruwan rini laifinsu daga nan suke. Ga kowane rabin kilo na yadi, zuba giram 15 na sodar wanki da cokali ɗaya na sabulun ruwa a babbar tukunya, ka sa yadin ya samu wurin juyawa, ka bar shi yana ɓararraka a hankali na awa ɗaya. Ruwan zai yi ja-ja. In ya yi duhu da yawa, zubar ka sake. Sannan ka ɗauraye sosai. Gwajinsa mai sauƙi ne: bayan ya bushe, ɗiga masa ruwa. In ɗigon ya nutse nan take, yadin ya shirya. In ya tsaya a sama yana sheƙi, da sauran aiki.

Siliki da ulu ba a tafasa su da soda. Ruwan ɗumi da sabulu mai laushi ya ishe su.

Ɗaurin zane

In shuɗi zalla kake so, tsallake nan. In kuwa zane kake nema, dabarar ita ce ka toshe wa rini hanya a wasu wurare. Kowace al'umma mai rini tana da nata salon, a Japan shibori, a Indiya bandani, a Indonesiya batik, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2009.

Mafi sauƙi shi ne ɗauri. Yi ɗigo-ɗigo da allin tela a inda kake son zobba su fito. A ƙarƙashin kowane ɗigo sa ɗan dutse ko ƙwallo, ka tattaro yadin a bayansa, ka naɗe wuyan da zare zagaye takwas ko goma, ka ja da iyakar ƙarfinka kafin ka ƙulle. Yi amfani da zaren foliyesta mai kauri, tunda ba ya shan rini kuma yana da wuyar tsinkewa. Faɗin naɗin shi ne faɗin farin zoben. In ka bar 'yar tazara tsakanin zagayen zaren, rini zai sulale ta ciki ya bar sirin-sirin layuka, wanda sau da yawa ya fi farin zobe zalla kyau.

Ɗinki ya fi cin lokaci, amma shi ke ba ka ikon zana abin da ka ga dama, ganye ne ko igiyar ruwa ko rubutu. Zana siffar da alli, ka bi ta da ɗinkin hannu, zare ninki biyu, kowane taki kamar rabin santimita. A farkon kowane layi ka ƙulla ɗan ƙyalle a bakin zaren don kada ƙullin ya fice ta cikin saƙar lokacin ja. Kada ka ja ko layi ɗaya sai ka gama ɗinke duka, in ba haka ba yadin zai tattare ka rasa inda allura za ta bi. Da ka gama, yayyafa masa ruwa kaɗan, sannan ka ja kowane zare har yadin ya cure ya yi tauri, yatsa ba ya iya shiga tsakanin ninkin. In ka ga kamar ka ja ya isa, ƙara ja. Sakwarkwataccen ɗinki ba ya ba da zane, inuwa-inuwa kawai yake bari.

Akwai ninki da matsi. A ninka yadin gaba da baya har ya zama doguwar ɗamara, a sake ninka ɗamarar gaba da baya zuwa murabba'i ko kusurwa uku, a sa tsakanin katako biyu masu girma ɗaya, a ɗaure tamau. Gefuna ne kawai za su sha rini, in aka buɗe sai ga zane mai maimaita kansa. Akwai kuma naɗi a bututun roba: a naɗa yadin a karkace, a bi shi da igiya ana barin tazarar santimita biyu, a riƙa tura shi ƙasa yana tattarewa. Wannan na ba da layuka masu gangara.

Kaki kuwa sai da hattara. Ana narka kakin zuma, wanda ke narkewa a wajen digiri 63, a cikin gwangwanin da aka ɗora a ruwan zafi, ba kai tsaye a wuta ba, don yana kamawa. A shafa da buroshi har ya ratsa bayan yadin. In ana son tsage-tsagen nan masu kama da jijiya, a gauraya shi da kakin kyandir. Mai aiki da kaki dole ya jira ruwan rini ya huce sosai, in ba haka ba zanen zai narke a ciki.

Kowace hanya ka bi, jiƙa ɗaurarren yadin a ruwan sanyi na aƙalla rabin awa kafin rini. Ruwan zai kumbura zaren ya ƙara matse ɗaurin, ya cike lungunan da ba ka son rini ya shiga, ya kuma kori iskar da ke ɓoye a ninki.

Haɗa ruwan rini

Fara da jiƙa shunin. Garinsa na gudun ruwa, in ka zuba shi haka zai taso sama ya yi ta yawo. Zuba giram 20 ɗin a kwalba, ka jefa duwatsun nan masu santsi guda biyar ko shida, ka ƙara ruwan ɗumi rabin kofi, ka rufe, ka yi ta girgizawa na minti uku zuwa biyar. Da farko za ka ji duwatsun na ƙara kwaram-kwaram, garin na manne a jikin kwalbar a bushe. Can sai ƙarar ta yi laushi, in ka karkata kwalbar ka ga ruwan na gangarowa da kauri, baƙi ƙirin, yana barin shuɗin shafe a gilashin babu ƙwaya ko ɗaya. Duk ƙwayar da ta rage ba za ta narke ba, asara ce, kuma za ta iya ɗigawa yadi tabo.

Zuba ruwa lita 15 a mazubin, zafinsa tsakanin digiri 45 da 50, wato zafin da hannu ke iya daurewa na ɗan lokaci. Kada ya haura 60, zafi mai yawa na kashe haidiro. Narka sodar a ɗan ruwan zafi daban ka juye. Sai shunin, ka tare duwatsun, ka ɗauraye kwalbar da ruwan mazubin don kada komai ya rage. Daga ƙarshe ka barbaɗa haidiron a hankali a fuskar ruwan.

Juyawa ma da yadda ake yin ta. Sanda ta taɓa gindin mazubin, ka zagaya da ita ta gefe guda a natse har rami ya buɗe a tsakiya, ba tare da fantsama ba. Sannan ka rage gudu, ka ja sandar ta kishiyar hanya a jikin bango sau ɗaya, ka zare ta a hankali. Kumfa zai taru a tsakiya. Rufe, ka lulluɓe mazubin da tsohon bargo don ya riƙe ɗumi, ka ba shi awa ɗaya.

Da ka buɗe, abu uku za ka duba. A tsakiya akwai tulin kumfa shuɗi mai duhu. A fuskar ruwan akwai siririyar fata mai ƙyallin jan ƙarfe. In ka ture fatar gefe ka ɗebo ruwan ƙasa da farin cokali, za ka gan shi garau, kore mai ɗorawa-ɗorawa, gefensa na fara komawa shuɗi kana kallo. In ruwan ƙasan har yanzu shuɗi ne ko ya yi gurɓi-gurɓi, bai nuna ba, ƙara masa rabin awa. Mai takardar gwajin pH, wato ma'aunin kaifin ruwa, ya nemi 10.5 zuwa 11 don auduga da lilin. Siliki da ulu sun fi son 9 zuwa 10, don haka a rage musu soda, kaifi mai yawa na ƙona su.

Tsomawa

Kwashe kumfan da cokali ka ajiye a wani ƙoƙo, in ka gama za ka mayar da shi, shuni ne. Matse jiƙaƙƙen yadin sosai, ka dunƙule shi a hannu, ka zura shi ta jikin bangon mazubin a hankali, kada ya faɗa tsulum. Hannayenka su zauna a ƙarƙashin ruwan. Ka riƙa murza shi a hankali, kana buɗe ninkin da kake son rini ya shiga, ba ka bari ya leƙo sama, ba ka kuma bari ya kwanta a gindi inda laka take. Minti biyu zuwa uku ya isa. Kafin ka ciro, matse shi tun yana ƙarƙashin ruwa, ka fito da shi a matse, ka kawar da shi daga bakin mazubin nan da nan. Ɗigon da ke komawa ciki iska yake kai wa ruwan, ka tare shi da wani bokiti.

Yadin zai fito kore shar. Cikin 'yan daƙiƙu gefuna da ƙololuwar ninki za su fara duhu, koren ya koma tsanwa mai zurfi, shuɗi ya biyo baya yana bin yadin daga inda iska ta fara taɓawa zuwa cikin lunguna. Ka taya shi: buɗe kowane ninki da yatsa, juya shi, leƙa ƙarƙashin ɗaurin. Muddin akwai sauran kore ko a lungu ɗaya, bai shirya komawa ba. Ba shi minti 15 zuwa 20. Wasu na tsoma shi a bokitin ruwan sanyi su kaɗa, iskar da ke cikin ruwan na hanzarta juyin, tana kuma wanke garin da ya tsaya a sama. Ina ganin wannan dabara ce mai kyau, musamman ga yadi mai ɗauri da yawa.

A nan ne haƙurin marini ke bayyana. Duhun shuɗi ba ya zuwa da daɗewa a cikin ruwa, yawan tsomawa ke kawo shi, kamar fentin bango da ake yi shafi bisa shafi ana barin kowanne ya sha iska. In ka bar yadi ya jima a ciki, haidiron da ya narkar da shunin mazubi zai fara narkar da wanda ya riga ya kama zaren, ka ga kana tufka ana warwara. In kuma ka cika wa ruwan shuni don ka samu duhu a tsomi ɗaya, launin zai taru a saman zaren ne kawai, ya riƙa goge wa a jikin mai sawa da kujerar da ya zauna. Tsomi biyu na ba da shuɗin sararin sama. Huɗu zuwa shida na ba da matsakaici. Mai neman wanda ya kusa baƙi zai yi goma ko fiye, kuma babu laifi a raba su kwana biyu. Ko shuɗi mai haske kake so, gara ka yi tsomi uku a ruwa mara ƙarfi da ka yi ɗaya a mai ƙarfi, zai fi daidaita kuma zai fi daɗewa bai koɗe ba.

Ka tuna jiƙaƙƙen yadi ya fi busasshe duhu nesa ba kusa ba, wanki kuma zai rage wani abu. In ka kai launin da kake so, ƙara tsomi biyu.

Ɗauraya da kwance ɗauri

Bayan tsomin ƙarshe, rataye yadin a inuwa ya kwana da ɗaurinsa. Washegari ka ɗauraye shi a ruwan sanyi, har yanzu a ɗaure, kana canza ruwa har shuɗin da ke fita ya ragu sosai. In ka kwance tun ruwan na da duhu, fararen wuraren za su sha dauɗa.

Kwancewa aikin natsuwa ne. Jiƙaƙƙen yadi da ya cure yana da saurin hujewa, don haka ka nemo ƙullin, ka ɗaga shi da bakin allura, ka yanke shi kaɗai da ƙaramin almakashi, sauran zaren zai zare da kansa. Sannan ka jiƙa yadin minti goma a ruwa lita 10 da aka zuba wa rabin kofin binega, don a kashe kaifin sodar. Ga siliki da ulu wannan wajibi ne. Auduga kuma a bi ta da wankin ruwan zafi da sabulu, ko a ɗan tafasa ta minti goma, duk garin da bai kama ba zai fita. Mai kaki ya goge yadin da dutsen guga tsakanin takardu marasa rubutu, sannan ya tafasa shi, kakin zai taso sama.

In ya bushe, goga masa farin ƙyalle da ƙarfi. Ɗan shuɗi kaɗan ba komai ba ne, zai tafi a wanki biyu ko uku. In ƙyallen ya yi shuɗi sosai, a sake wankin zafi. Za ka ji ana cewa a jiƙa shi a ruwan gishiri don launin ya zauna. Gishiri na da amfani a wasu kalolin, amma ba ya yi wa shuni komai. Haka alam da ake sa wa rinin sassaƙe da saiwa, shuni ba ya bukatarsa. Abin da ke zaunar da shi shi ne gajeren tsomi, cikakkiyar shan iska, da wanki mai kyau.

Idan ruwan ya canza

Kana cikin aiki za ka ga ruwan ƙasa ya fara komawa shuɗi, yadi kuma ya daina ƙara duhu. Iska ta yi yawa ke nan. Ɗumama shi ta hanyar tsoma kwalbar ruwan zafi a rufe, barbaɗa haidiro giram 5, juya a hankali, rufe, jira rabin awa. In bai gyaru ba, duba kaifinsa, wataƙila soda yake nema, sai ka ƙara giram 10 da aka narkar. Ka riƙa ƙara abu ɗaya a lokaci ɗaya kana jira, in ka zuba duka tare ba za ka san wanda ya yi maganin ba.

Akwai kishiyar wannan. Ruwan ya yi ɗorawa fayau, yadi ya fito ya daɗe bai juya ba, launin kuma ya wanke. Haidiro ne ya yi yawa. Kaɗa ruwan kaɗan ya sha iska, ko ka bar shi zuwa gobe. In kuwa launin ruwan daidai ne amma ya yi fari-fari, yadi na fitowa da haske, shunin ne ya ƙare, sai a jiƙa sabo a kwalba a ƙara.

Ga mai son aiki da ganye

Kafin haidiro, ƙwayoyin bakteriya, ƙananan halittun da ido ba ya gani, ne ke cinye iskar, kuma har yau wannan hanyar na aiki. Ana daka ɗanyen ganyen baba, a cura shi dunƙule-dunƙule, a shanya ya bushe. Ana tace ruwa ta cikin tokar itace mai tauri don a samu ruwan kaifi. A farfasa dunƙulen a randa ko rami, a zuba ruwan tokar, a ƙara ɗan dusa don ƙwayoyin su samu abinci, a rufe a wuri mai ɗumi, a riƙa juyawa sau ɗaya a rana. Yakan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu, gwargwadon zafin gari. Alamomin nunarsa su ne waɗanda na faɗa: kumfa, ƙyallin jan ƙarfe, koren ruwa a ƙasa, sai kuma wari mai ƙarfi. Wannan ruwan ba ya son a gajiyar da shi, in an yi rini yau a bar shi ya huta gobe, amma in ana kula da shi yakan yi watanni. Tsominsa na iya kaiwa minti goma ko fiye, tunda ba shi da zafin cin launi irin na haidiro.

Akwai hanya ta tsakiya da Bafaranshen marini Michel Garcia ya yaɗa: kashi ɗaya na shuni, kashi biyu na kalsiyam haidiroksaid, wato farin garin da ke sa ruwan ya yi kaifi, kashi uku na furuktos, wato sukarin 'ya'yan itatuwa, a ruwa mai zafi sosai. Ba ta da warin ƙibiritu, tana nuna cikin yini guda, sai dai tana tara laka a gindi, don haka ana sa raga ko kwando a ciki don yadi ya tsaya a sama. Shawarata ga mai farawa ita ce ya fara da haidiro har idonsa ya san launin ruwan da ya nuna, sannan ya koma waɗannan.

Ajiya da zubarwa

In ka tashi aiki, mayar da kumfan, juya sau ɗaya, rufe sosai. Ruwan haidiro na iya kai makonni, kowane lokaci sai a ɗumama shi a farfaɗo da shi kamar yadda aka bayyana. In ya ƙare gaba ɗaya, kada a kwarara shi yadda yake, domin sauran haidiron zai ci gaba da cinye iska a duk ruwan da ya shiga, kifi da sauran halittu su shaƙe. Buɗe mazubin a fili, ka kaɗa shi da ƙarfi har ya koma shuɗi gaba ɗaya, ka zuba binega kaɗan-kaɗan har kaifin ya mutu, ka bar shi ya kwana biyu lakar ta kwanta. Tsiyaye ruwan saman a magudanar ƙazanta tare da ruwa mai yawa, nesa da rijiya, rafi da tafkin kifi. Lakar kuma a shanya ta, akwai sauran shuni a ciki da za a iya niƙawa a zuba a haɗi na gaba.